Ƙwan Kifin da Ban Sani Ba

Ni 'yar masunta ce, matar masunci. A bakin Kwara aka yanke mini cibi, can Yawuri, kuma kafin in iya ɗaurin zani da kyau na iya gyaran kifi. Ban yi boko ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba, amma ka rufe mini ido ka ɗora mini kifi a tafin hannu, zan gaya maka sunansa, in gaya maka ruwan da ya fito, mai gudu ne ko kwantacce. Shekaru na yi ina banda, fatake suna tsallake na wasu su zo su jira nawa ya sauka daga wuta. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji abin da zan faɗa ya ce ai tsohuwar ce ba ta san kifi ba.

Bayan rasuwar Malam, maigidana, ɗana na fari ya ɗauko ni ya kawo ni New York. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba. A University Heights muke, hawa na biyar, shi da matarsa da 'ya'yansu biyu da ni. Shi yana aikin gwajin jini a asibiti, ita nas ce.

A garin nan ba ni da komai. Bakinsu ba na ji. Iyakacin tafiyata ni kaɗai shagunan Fordham Road, inda zan sami mai jin Hausa in sayi kuka da manja in dawo. Jikokina ina yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci. Abu ɗaya ya rage mini, shi ne kicin. Faɗinsa bai kai tabarma biyu ba, amma nawa ne. Surukata da kanta ta sakar mini shi, don aikinta ba ya barinta, kuma ta ga abin da hannuna ke yi. Ni ke cewa yau tuwo ne, gobe dambu. In ana suna a gidan wani daga mutanen masallacinmu, ni ake aiko wa da kifi in yi farfesu. A cikin kicin ɗin nan kaɗai nake tsayawa in ji ni ce dai wadda na sani.

To sai ɗan nan nawa ya tsiri su.

Yaron da Malam ya rantse ba zai riƙe filafili ba, ya hana shi shiga kwale-kwale don ya yi karatu, shi ne da furfura a gemu ya cika bayan ƙofa da sandunan fatsa masu ɗan keken naɗe zare. Ranar Asabar ya fita tun asuba, ya dawo hannu wofi yana ta murna.

"Ina kifin?"

"Ga shi nan, Inna." Ya miƙo mini waya.

"Kifi na tambaya, ban tambayi hotonsa ba."

"Ai mun sake shi."

"Ya dai kuɓuce maka. Faɗi gaskiya, ba mai dukanka."

"Wallahi saki muka yi. Nan haka ake yi, don nishaɗi ne."

Na ce, "Ubanka ya tsufa a cikin ruwa, sanyi ya cinye masa gwiwoyi, ban taɓa jin kalmar nishaɗi a bakinsa ba. Kai ka huda wa bawan Allah baki, ka ɗauki hotonsa, ka ce ya tafi gida. In da yana magana da ya kai ka ƙara."

Dariya kawai yake yi. Matarsa ma tana yi. Lokacin ana dariya da ni a gidan.

Wata rana da yamma, sanyi ya wuce an fara jin ɗumi, na fito falo na tarar da shi ya baza wata farar igiyar roba a kan tebur yana fama da ita da buroshin haƙori. Na ce me kuma aka samu. Ya ce wani kifi ne yake so ya kama, ya yi ta gwadawa ya kasa. Sunansa gar. Ya nuna mini a waya. Dogo ne kamar taɓarya, bakinsa siriri mai tsawo cike da haƙora ƙanana kamar allura. Ya ce bakin nan duk ƙashi ne, ƙugiya ba ta samun naman da za ta kama, da ka ja sai ta zame. Shi ya sa masu neman sa suke yanko igiya, su warware ta, su tsefe ta ta zama kamar gashi, su jefa masa ba ƙugiya ba komai. In ya cafka, haƙoran su sarƙe a cikin zaren.

Na daɗe ina kallon hoton. Na ce, "Ɓawonsa tauri gare shi?"

"Kamar dutse."

"Yana tasowa sama ya haɗiyi iska?"

Ya ɗago ya dube ni. "Wa ya gaya miki?"

"Gartsa ce. Gartsa ce aka ja wa baki."

Gartsa wani kifi ne na wajenmu mai sulke a jiki, wuƙa ba ta shigarsa, cikin ɓawonsa muke gasa shi. Ɗana ya ce a'a, ba danginsu ɗaya ba, ya karanta. Na ce ya ci gaba da karantawa.

Igiyar kuwa ɓata ta yake yi. Yana tsefewa daga sama, tana dunƙulewa tana cukurkuɗewa. Na ce kawo nan. Na yanki kamar taƙi ɗaya da rabi, na zura ta cikin ɗan zoben ƙarfen da ya ba ni, na ninka biyu, na ɗaure wuyan tamau da zaren ɗinki, na sa ya ɗiga wa ƙullin wuta don kada ya kwance. Sannan na ɗauko tsinken tsifata. Duk macen da ta taɓa kwance kitso ta san daga ƙasa ake farawa, a bi a hankali zuwa sama. Na raba igiyar tufka-tufka, kowace tufka na raba ta sili-sili, na bi da mataji har ta kwanta luf kamar jelar doki. Na tsoma ta a kwanon ruwa na ja, ta bi hannuna tana lanƙwasa kamar ɗan kifi mai rai. Shida na yi masa. Biyu na rina su da ɗan jan lallena, don a ruwa mai duhu fari tas yakan ba kifi tsoro.

Ya tsaya yana kallon kwanon. Ya ce, "Inna, Asabar ki zo mu je."

Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa cewa in zo don ana bukatar abin da na sani, sai dai don kada a bar ni ni kaɗai a gida.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Muka yi ta tafiya arewa har gidaje suka ƙare, sai itatuwa da duwatsu, har muka kai wani babban tafki kusa da iyakar Kanada. Ya karɓi hayar ƙaramin jirgi mai inji. Mai jirgin ya dage sai an sa mini wata riga mai kumburi, wai don kada in nutse. Ni. Na sa dai, don kada in ba ɗana kunya.

Yana tuƙi yana kallon wani ɗan akwati mai nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa. Na bar shi ya yi ta zagaye har rana ta ɗaga. Sannan na ce, "Kashe wannan talabijin ɗin. Ka ga lungun can mai ciyawa, inda ruwa bai motsi? Can za mu. Kifi mai haɗiyar iska ɗumi yake so." Ya kashe inji tun daga nesa kamar yadda na ce, muka silala. Ga su nan kwance a saman ruwa kamar guntayen itace, sun fi goma, suna shan hantsi. Lokaci-lokaci ɗaya ya buɗe baki ya haɗiyi iska ya koma.

Ya fara da abin da ya sayo a shago, wani ɗan kifin roba mai ƙugiya uku. Sau uku ana cafka, sau uku yana fizga, abin yana dawo masa fayau. Da kansa ya kwance ya ɗaura tawa, mai jan lalle, a bakin wata 'yar siririyar waya da ya sa don kada haƙori ya yanke zare.

Na ce, "Kada ka jefa a kansa. Jefa gaba da shi, ka jawo ta ta wuce ta gefen bakinsa. Mai irin wannan baki da gefe yake sara."

Ya jefa. Yana ja yana tsayawa, yana ja yana tsayawa. Wani babba ya juyo a hankali kamar ba ya so, ya bi ta, sai kawai ya kaɗa kai gefe ya cafke. Na ga kafaɗar ɗana ta ɗaga zai fizga, na buge masa hannu.

"Kul! Ba ƙugiya gare ka ba, me za ka soka? Sakar masa zare. Bar shi ya tauna."

"Zai tafi da ita, Inna!"

"Ya tafi mana. Ina za shi?"

Kifin ya yi gaba da igiya a baki, ya ji abin bai yi masa ba, ya fara girgiza kai yana so ya tofar. Kowace girgiza ƙara ɗaure kansa yake yi. Sai da na ga ya yi haka sau huɗu ko biyar na ce to, yanzu ɗaga sandar a hankali, kada ka bari zaren ya yi sako-sako, kada kuma ka yi gardama da shi. Ya yi tsalle ya fito duka daga ruwa har sau biyu. Ɗana yana ihu kamar yaro. Da ya gaji muka jawo shi gefen jirgi, muka cicciɓo shi ciki. In an tsayar da shi zai kai mini ƙirji. Cikinsa ya cika fam. Mace ce, da ƙwai.

Ɗana ya sa safar hannu mai kauri, ya tokare bakin da guntun katako, ya zauna yana cire zaren nan ɗaya bayan ɗaya daga haƙoran kamar mai cire wa yaro ƙaya. Ya ce in aka bar ko kaɗan, bakin zai ɗaure, yunwa ta kashe shi. Wannan kam na yaba. Ya ɗauki hoto. Ya ce, "Ashe Baba bai fi ki ba." Sannan ya tallabe shi zai mayar ruwa.

Na ɗora ƙafata a kan jelar.

"Inna, ba a ɗauka."

"Hukuma ta hana?"

"Ba ta hana ba, amma ni ba na..."

"To ni na hana saki. Igiyata ce ta kama shi. Ka kwaso ni tun asuba, ka sa mini rigar mahaukata, sannan in koma gida da hoto? 'Ya'yanka ba su taɓa cin kifin da ubansu ya kama ba."

Ya sake shi a cikin jirgi, ya juya baya, ni na gama da shi. Muka lanƙwasa shi cikin kula, muka zuba ƙanƙara.

Washegari Lahadi. Surukata tana wurin aiki, yara sun tafi Islamiyya. Na shimfiɗa jarida a ƙasan kicin na zauna da shi. Wuƙa ta ƙi shiga, kamar yadda na zata. Na ɗauko almakashin yankan kwano daga akwatin kayan aikin ɗana, na bi ta gadon baya na tsaga sulken tun daga wuya har jela, na ɓare shi. Nama fari sol, dogaye biyu, ba ƙaya. Na ce ba na faɗa ba, gartsa ce. Sannan na buɗe cikin.

Ƙwan ya cika jaka biyu, kowace ta kai tsawon hannuna. Launinsa kore ne mai duhu, kamar miyar kuka da ta kwana. Na tsaya na dube shi. Bai yi mini ba. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa a gidan ba, yau nake faɗa: bai yi mini ba.

Kuma na san abin da ake yi. Malam in ya je baƙon ruwa ya kamo abin da bai sani ba, mutanen wurin yake tambaya, ko da yaro ne. In ba kowa, a jefa wa kaji kayan cikin a jira a gani. Mu ma a Kwara muna da talibanban, mai kumbura ciki, kowa ya san akwai abin da ba a ci a jikinsa. To ina kaza a hawa na biyar? Mutanen wurin kuma su wa? Ɗana yana falo, tsakanina da shi taku biyar. Da na ce ya tambayar mini wayar nan tasa, da ya tambaya. Amma jiya-jiya na buge masa hannu a cikin jirgi, jiya ya ce ubansa bai fi ni ba. Yau in fito da ƙwan kifi a hannu in ce ban sani ba, a tambayi waya? Na ce ƙwan gartsa ne, na ci shi tun ina yarinya. Na wanke shi.

A gidanmu ƙwan kifin farko na wanda ya kama ne. Ba a raba shi, mai girki ma ba ta taɓawa. Haka uwata ta yi wa ubana, haka na yi wa Malam duk shekara in ruwa ya kawo. Ɗana bai taɓa samun wannan ba, don bai taɓa kawo kifi gida ba. Na soya shi da man gyaɗa da albasa da attarugu, na zuba a kwanon da na fi so, na kai masa bayan azahar. Na gaya masa abin da ake nufi da shi. Ya karɓa da hannu biyu. Ya cinye tas, ya suɗe yatsa, ni ina zaune ina kallonsa ina jin daɗi.

Kafin la'asar ya fara gumi. Ya shiga bayi ya fito, ya koma, ya koma. Amai da zawo kamar ana zuba ruwa daga tulu. Na dafa masa kanwa, bai iya haɗiya ba. Da na ji faɗuwarsa a bayi na tura ƙofar, na same shi a ƙasa, leɓɓansa sun bushe, jikinsa na rawa. Lambar kiran motar asibiti an koya mini, amma in sun ɗauka me zan ce musu? Na danna hoton matarsa a wayata.

"Me ya ci, Hajiya?"

Na faɗa mata.

"Naman ko me?"

"Ƙwan."

Ina jin tana danne-danne. Sai ta ce, "Innalillahi. Hajiya, ƙwan kifin nan guba ne. Kowa ya sani. Kada ki ba shi komai, ki buɗe ƙofa, suna zuwa."

Kowa ya sani. Wane kowa? Mijinta ya kalli mutanen nan na cikin waya sau ɗari, sun koya masa tsawon igiya, sun koya masa irin wayar ƙarfen da zai ɗaura, sun koya masa yadda zai riƙe kifi ya yi kyau a hoto. Shi da kansa bai sani ba. Ya san bakin kifin haƙori-haƙori, bai taɓa ganin cikinsa ba. Wasu ƙarti biyu suka zo suka ɗauke shi a kan gado mai taya, suna yi mini tambayoyi ina kallon bakinsu. Suka tafi suka bar ni da kwanon.

Kwana biyu ya yi ana yi masa ƙarin ruwa. Allah ya tashe shi. Ya dawo ya rame, ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, ba laifinki ba ne, ni ma ban sani ba." Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ban gaya masa na tsaya na dubi launin ba.

Surukata ba ta ɗaga mini murya ba, yarinya ce mai tarbiyya, ba zan yi mata ƙarya ba. Abu ɗaya ta ce, tana tsaye a ƙofar kicin: "Hajiya, da yaran suna gida fa? Da ya ɗan sam musu?" Ranar hutunta ta shiga da baƙar leda. Naman kifin, kwanon, tukunyar da na soya, duk suka tafi. Sannan ta bi kwalabena. Duk abin da ba rubutu a jikinsa ta zubar: daddawar da aka aiko mini daga gida, kanwa, busasshen karkashi, yajin da na daka da hannuna. Ta ce in huta, na yi wahala a rayuwa, yanzu lokacin hutuna ne. Ta fara dafa na mako guda a rana ɗaya tana jerawa a firij cikin robobi.

Magana ba ta ɓuya a cikin mutanenmu. Aiken farfesu ya tsaya cak, ba wanda ya ce mini don me. Na shiga wani shago a Fordham Road, mai shagon, wata 'yar Zangon Kumasi da muka saba wasa, ta hango ni ta ce, "Hajiya mai kifi! Yau kuma wa za a kwantar?" Mata suka kwashe da dariya. Na ce, "Ke dai ba ki da abin tsoro, ai sai wanda ake so ake ba." Suka ƙara dariya, ni ma na yi. Na fito ban sayi abin da na je saye ba.

Da azumi ya kama ɗana ya shiga tsakani. Ya ce yana marmarin farfesuna, sun yi magana da matarsa, zan iya komawa girki, sai dai a riƙa yi tana nan, don a taimaka mini. Ya sayo tarwaɗa biyu manya daga shago, a cikin leda mai rubutu. Na ɗaura zani na shiga. Ta tsaya a bayana, kusa har ina jin numfashinta. Na zuba ruwan zafi na wanke yauƙin, tana kallo. Na ɗauko citta, ta karɓa ta juya kwalbar ta karanta ta miƙo mini. Na yanke kan, na ajiye shi gefen da zai shiga tukunya, don daɗin farfesun tarwaɗa a kai yake. Sai na ji ta ce, a hankali, da ladabi, "Hajiya, wannan ɗin kin tabbata ana ci?"

Tarwaɗa. Kifin da aka yaye ni da shi.

Na ajiye wuƙar. Na wanke hannuna da sabulu, na goge, na ce mata ta ƙarasa, bayana ke ciwo. Ɗana ya biyo ni ɗaki yana ba ni haƙuri, ya ce tsoro ne kawai take ji, in ba ta lokaci. Na san tsoro ne. Da ni ce a matsayinta, da abin da zan yi ya fi haka. Amma ni ba zan yi girki ana karanta mini kwalba ba, kuma ba zan iya cewa ba ta da dalili ba. Na ce masa ya tafi kada a sha ruwa ba shi.

Azumi biyu ke nan ban kunna murhun gidan nan ba. Sun yi tayi har sun gaji sun daina. In lokacin abinci ya yi a ɗumama roba ɗaya a kawo mini, in ci a bakin taga. Takan tambaye ni, "Hajiya, ya yi?" In ce ya yi, Allah ya yi albarka. Gishirinta ba ya isa, albasarta ba ta soyuwa. Ban taɓa faɗa mata ba.